Harsashin dalma na zubi: yadda ake sa shi ya riƙa faɗawa wuri ɗaya

A Amurka akwai wasu mutane, yawanci dattawa ne masu haƙuri, da basa sayen harsashi a shago, dalma suke narkawa su zuba kan harsashin da kansu, su ɗora shi a tsohon kwanso, su tafi fili su harbi takarda a yadi 100 ko 200, burinsu kawai a ga ramuka goma sun taru wuri ɗaya. Har ƙungiya garesu, Cast Bullet Association, tana shirya gasa. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya haɗa harsashi don amfanin kansa, sayarwa ce sai da lasisi, sannan wasu jihohin suna da nasu ƙarin sharuɗɗan, toh ka duba na jiharka. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida, don haka wannan bayanin na 'yan'uwa ne dake zaune a can Amurkan suke zuwa filin harbi bisa ƙa'ida. Kuma tun yanzu in faɗa, bazan rubuta nauyin albarushi ko ɗaya ba, wannan a littafin awo da kamfanoni irin su Lyman ko Hodgdon suka buga ake ɗauka, ba a bakin wani ba ko da ni ne.

Abin da nake so ka riƙe shine, matsalar mafi yawan masu farawa ba albarushi bace, ba kuma taurin dalma bane, girman kan harsashin ne bai dace da bindigar ba. Zaka ga mutum ya sayi gwangwanin albarushi kala huɗu yana ta canzawa, ramuka na watse kamar da, alhali ko sau ɗaya bai taɓa auna cikin bututun bindigarsa ba. Tela ma sai ya auna mutum kafin ya sa almakashi a yadi.

Toh fara da awon. Cikin bututun raifil akwai tsagi masu murɗawa, akwai tudu akwai kwari, su suke kama harsashi su juya shi. Abin da zaka fara sani shine faɗin kwari zuwa kwari. Ka tabbatar bindiga babu komai a ciki, ka goge bututun ka ɗan shafa mai, ka samo dalma zalla mai laushi wadda ta ɗan fi ramin girma, irin dalmar da masunta ke ɗaurawa a ƙugiya tana yi in dai dalmar gaske ce, sai ka buga ta a hankali da sandar tagulla har ta fita ta ɗaya gefen. Kada kayi amfani da sandar katako, in ta tsage a ciki ta maƙale zaka sha wahalar da baka taɓa sha ba. In ta fito sai ka auna da maikuromita (ma'aunin kauri mai murɗawa), ba da kalifa (ma'auni mai zamewa) ba, don abin da muke nema bambancin 0.001 na inci ne kuma kalifa mai araha bata da wannan gaskiyar. Bindigar da ake kira kaliba 30, irin su .30-06 ko .308 ko .30-30, a takarda 0.308 ce. Amma tsofaffin bindigogin soja kowacce da halinta, Lee-Enfield ta .303 da Mosin-Nagant zaka iya samun 0.311 zaka iya samun 0.314 ko sama, kuma Enfield ɗin da yawa tsagi biyar garesu, tudu na kallon kwari, saboda haka maikuromita ta yau da kullum bata auna su daidai, gara ka kai wa mai gyaran bindiga.

Ƙa'idar da kowa ya sani itace kan dalma ya fi faɗin kwarin da 0.001 zuwa 0.002. Wato bututun 0.308 sai a bashi 0.309 ko 0.310. Ni dai a ganina wannan rabin magana ce, don wurin da yafi muhimmanci shine maƙogwaro, ɗan wurin nan tsakanin inda kwanso ya ƙare da inda tsagi suka fara. A nan harsashi yake tashi, in yana lilo a maƙogwaro toh a karkace zai shiga bututu, kuma dalma ba kamar harsashi mai rigar jan ƙarfe bace da zai jure, in ta shiga a karkace haka zata lotse ta fita a karkace. Ana auna maƙogwaron da wani ƙarfe mai suna Cerrosafe, yana narkewa tun kafin ruwa ya tafasa, a toshe bututu da ƙyalle a zuba a ɗakin harsashi, a fitar, a auna bayan awa ɗaya kamar yadda kamfanin ya ce. Sai ka zaɓi mafi girman kan da zai shiga maƙogwaron ba tare da dole ba. Sau da yawa zaka ga bindigar 0.308 tafi son 0.311. Amma ka tabbata in ka ɗora shi a kwanso wuyan kwanson yana da sararin buɗewa a cikin ɗakin, in ya matse ba wurin saki matsin iskar zai hau sosai, wannan ba wasa bane. Gwaji mai sauƙi, ka ɗauki kwanson da aka harba a wannan bindigar ba'a matse shi ba, in kan harsashin ya shiga bakinsa da hannu toh akwai sarari.

Masu bindigar Marlin mai ƙananan tsagi da yawa, wanda suke kira Micro-Groove, kun sha jin ana cewa bata harba dalma. Tana harbawa, kawai ta fi son kai mai kauri da ɗan tauri.

Sai hancin harsashin. Akwai zubi irin na mazubin Lyman mai lamba 311299 da 311284 masu dogon hanci wanda aka yi don ya hau kan tudun tsagin ya zauna, shi yake miƙar da harsashin. Ka ɗauki ɗaya ka sa hancin a bakin bindiga (babu komai a cikinta fa), in ya faɗa yana kaɗawa wannan mazubin ba na bindigarka bane komai tsadarsa, in ya shiga da ɗan tauri har tudun suka bar masa alama toh madalla. Masu .30-30 mai liba (hannun ƙasa da ake ja a ɗana bindiga) kuma dole kai mai faffaɗan baki irin 311041, saboda harsasan a jere suke cikin bututun ƙasa, bakin na baya yana kan firaimar na gaba, wato ɗan abin nan na gindin kwanso da ake bugawa ya kunna albarushi.

Yanzu maganar haɗin dalma, a nan ne ake yawan asarar kuɗi. Ana auna tauri da ma'aunin Brinell. Dalma zalla kusan 5 ce. Haɗin Lyman mai lamba 2, wato dalma kashi 90 kuza 5 antimoni (wani ƙarfe mai ƙara tauri) 5, kusan 15. Dalmar tsofaffin injinan ɗab'i da ake kira linotaif, dalma 84 antimoni 12 kuza 4, kusan 22. Dalmar da ake maƙalawa a ƙafar mota don daidaita taya tana kai wajen 10 zuwa 12, ita ce talakan mai zubi ya dogara da ita shekara da shekaru, sai dai yanzu da yawansu na tutiya ne ko baƙin ƙarfe, Kalifoniya ma ta hana na dalma tun 2010. Tutiya kuwa in ta narke a tukunyarka ta ɓata haɗin gaba ɗaya, zai yi kumfa-kumfa ya ƙi cika mazubi. Sa'ar da aka yi dalma na narkewa a digiri 327 na Celsius, tutiya sai 419, saboda haka in ka riƙe zafin tukunya ƙasa da na tutiya zaka ga nata suna yawo a sama ka kwashe su. Ko kafin nan ka danna kowanne da filaya, dalma zata lotsa, tutiya bazata yi ba.

Mutane suna ɗauka in dalma na liƙewa a bututu toh tayi laushi, sai su ruga su ƙara tauri, sai abin ya ƙara lalacewa. Dalili kuwa, yawancin liƙewar nan iskar wuta ce take bi ta gefen harsashin tana yankar dalma tana fesa ta a bango. Kai mai laushi in matsi ya buge shi daga baya yana ɗan kumbura ya toshe hanyar, mai tauri kuma ƙarami bazai kumbura ba, iska ta samu hanya kenan. Shi yasa nace girma ne farko. In girman yayi daidai, tauri 12 zuwa 15 ya ishe ka yawancin harbin takarda, sai in zaka hau gudu sosai ne zaka nemi 18 zuwa 22. In haɗin yana da antimoni, sakin kan cikin bokitin ruwa daga mazubi yana ƙara masa tauri sosai, kuma taurin baya tsayawa ranar da aka zuba, yana ci gaba da hawa har sati biyu ko fiye. Don haka kada ka zuba yau ka harba gobe sannan ka kwatanta da wanda ya yi wata a gwangwani, ba abu ɗaya bane.

Bokitin ruwan nan ya kasance nesa da tukunya. Ɗigon ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma tururi yake zama nan take ya watso ta har rufi, haka ma ɗanyen guntun dalma mai laima in ka jefa shi. Tabarau, safar hannu ta fata, dogon wando, takalmi rufaffe, a waje ko gareji a buɗe. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon wa'azi akan gubar dalma ba, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙura ce da hannu zuwa baki. Kada ka ci ko ka sha a wurin aikin, wanke hannu da sabulu, kayan aikin kada su shiga ɗakin yara, mai ciki kada ta matso, dattin da ka kwashe daga saman tukunya a rufe shi a gwangwani. In kana yi akai-akai ka sa likita ya riƙa duba dalmar jininka.

Wajen zubin kansa, abin da ake nema kowane kai ya zama ɗan'uwan na gabansa. Zafin tukunya wajen digiri 370 zuwa 400, mazubi ya yi zafi kafin ka fara tarawa, na farko-farkon duk ka mayar tukunya. In ka ga tamoji-tamoji a jikin kan, mazubi bai yi zafi ba ko akwai mai a ciki. In ya fito fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, zafi ya ɗan yi yawa, wannan baya hana saiti in dai duk haka suke. Riƙe hannu ɗaya, zuba, jira, yanke, buɗe, da ƙidaya iri ɗaya, don in ka tsaya amsa waya mazubi ya huce nauyin zai canza. Inda zaka fi zuba ido shine gindin. Tun 1909 wani likita Ba'amurke, Franklin Mann, ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi shekaru yana yi, ya nuna lahani a gindin harsashi yafi lahani a hanci ɓata saiti nesa ba kusa ba, saboda gindin ne yake rabuwa da bakin bindiga a ƙarshe, in gefe ɗaya ya riga fita iska zata tura shi gefe. Duk wanda gefen gindinsa ya yi zagaye maimakon kaifi, ko akwai rami inda aka yanke, koma tukunya. Sauran ka ɗora a sikeli, wanda ya fi 'yan'uwansa sauƙi da giren ɗaya ko fiye akwai yiwuwar iska ta ɓuya a cikinsa, ware shi don harbin ɗumama bututu. Giren 7000 ne fam ɗaya, kaga ƙaramin abu ake magana.

Tsofaffin masu gasar harbin saiti ta Schuetzen na ƙarshen ƙarni na 19, zamanin su Harry Pope mai ƙera bututu, har tura kan suke yi cikin tsagin daban kafin su sa kwanso a bayansa, duk don ya tashi a miƙe, kuma da dalma mai laushi da ɗan kuza suke harbi a yadi 200 su tara ramukan da har yau ake jinjinawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tauri ba shine sirrin ba.

Maiko, wato man da ake sawa a jikin kan harsashin. Tsohon haɗin da aka sani shine rabi kakin zuma rabi wani man masana'anta mai suna Alox, har yau yana aiki. In bayan harbi ka ga ɗan tauraron maiko a bakin bindiga toh maikon ya kai ƙarshe, in bakin a bushe yake kuma dalma na liƙewa kusa da shi, maikon ya ƙare a hanya. In kuwa kusa da maƙogwaro take liƙewa, girma ne, koma sama ka sake karantawa. Yanzu da yawa sun koma fentin gari, a kaɗa kan a roba da garin fenti a gasa a digiri 200 minti 20, a tanda ta daban wadda ba za'a ƙara sa abinci a ciki ba har abada. Yana rage hayaƙi da liƙewa sosai, amma yana ƙara kauri wajen 0.001 zuwa 0.002 har a hanci, sai ka ga kan da yake shiga da kyau jiya yau ya ƙi shiga. Ni har yanzu a harbin benci, inda ake ɗora bindiga a tebur, na fi yarda da maiko, don fenti in bai kwanta daidai ko'ina ba ya zama nauyi a gefe ɗaya, amma na ga masu fentin da suka kunyata ni a fili, ba musu.

Sai 'yar hular jan ƙarfe da ake sawa a gindi, gas cek. Kai mara hula yana yin kyau har wajen ƙafa 1400 a sakan, sama da haka sai da hula. Ta zauna daram a miƙe, in ta karkace ka ɓata gindin da ka sha wahalar tacewa. Kuma wajen ɗorawa a kwanso mai wuya irin .308, ka yi ƙoƙari hular ta tsaya cikin wuyan kada ta zarce ƙasa.

Kwanso kuma, dayis ɗin da ake sayarwa, wato ƙarfen da ake matse kwanso da shi, na harsashi mai riga ne, yana matse wuya da yawa, in ka tura dalma 0.311 a ciki wuyan zai aske ta ko ya matse ta ta koma 0.308, duk awon da kayi ya tafi a banza kai baka sani ba. Ka nemi abin buɗa wuya irin M na Lyman ko makamancinsa, wanda zai bar wuyan ƙasa da kan da 0.001 zuwa 0.002 ya kuma buɗe baki kaɗan. Ka haɗa ɗaya ba albarushi ba firaima, ka zare kan ka sake aunawa, in ya ragu ka gano ɓarawon. Tsawon kuma, yawancin bindigogi sun fi so kan ya ɗan taɓa tsagi, taɓawa kaɗan ba cusawa ba, don in ka cusa ka zo fitar da shi ba tare da ka harba ba kan zai maƙale a ciki albarushi ya zube maka a cikin bindiga. Danne bakin kwanso na masu liba ne, a bindiga mai sakata mayar da bakin daidai kawai ya isa.

Gudu. Nan ne zuciya take ruɗar mutum, yana so dalma ta yi gudun harsashin shago. Lissafin juyawa shine gudu sau 720 a raba da tsawon murɗin bututu. Bututun da yake juyi ɗaya a inci 10, in ka harba a ƙafa 2000 a sakan, juyi 144,000 kenan a minti, duk wata 'yar iska ko karkata dake cikin kan wannan juyin zai fito da ita. Shi yasa zaka ga .30-06 mai murɗi 10 tana tara ramuka da kyau a 1600 zuwa 1800, kana ƙara gudu sai su fara watsewa, ita kuwa .30-30 ta Winchester mai murɗi 12 tana jure fiye da haka. In takarda kake harbi ba abin da gudu zai ƙara maka sai ciwon kafaɗa.

Abu ɗaya zan ce akan albarushi. Awon albarushin harsashin dalma ƙarami ne a cikin babban kwanso, wato kwanson zai ɗauki awo biyu baka lura ba, kuma awo biyu na albarushi mai saurin ci yana fasa bindiga ya tafi da yatsu ko ido. Ka jera kwansunan ka haska kowanne da tocila kafin ka ɗora kai, ba rediyo ba hira. Fara daga ƙasan abin da littafi ya rubuta, kada ka sauka ƙasa da shi, kada ka cusa auduga ko wani abu don cike gurbi saboda wani ya ce yana yi. A fili in ka ji ƙarar ta yi rauni, tsaya, cire sakata ka leƙa bututu, ƙila kan yana ciki. Sannan da yake albarushin yana yawo a kwanso, ka riƙa ɗaga bakin bindiga iri ɗaya kafin kowane harbi in dokar filin ta yarda, don ya kwanta wuri ɗaya.

Ranar gwaji, ka fara wanke duk jan ƙarfen da harsashin shago ya bari a bututu, dalma bata shiri da shi. Harba kamar biyar na ɗumamawa don maiko ya kwanta, kada ka ƙirga su. Sannan rukuni na goma-goma, ba uku ba, uku ko makaho yana iya sa'a. Harsashin dalma yana jimawa a bututu fiye da mai gudu, don haka riƙonka ya zama iri ɗaya, kafaɗa, kunci, inda katakon ya hau jakar yashi, kuma kada ka ɗago kai da wuri. Iska ma tana kaɗa shi fiye da yadda ka saba, safiya ta fi. Rubuta komai a littafi, haɗin dalma, ranar zubi, girma, maiko, tsawo, yanayin gari, kuma abu ɗaya tak zaka canza a kowane zuwa, in ka canza biyu ko ya gyaru baka san wanne ya gyara ba. Inci 2 a yadi 100 da bindigar farauta ta shago abin farin ciki ne, inci ɗaya da rabi kuwa ka iya.

Takardar kanta zata gaya maka inda matsalar take. Ramuka a jere sama da ƙasa, gudu ne ba daidai ba ko riƙonka. Takwas a tare biyu sun fice, duba gindi da nauyi da hular. Rami mai tsawo kamar kan ya shiga ta gefe, ya yi ƙarami ko ya yi wa murɗin tsawo. Na farko suna kyau sannan suna ta buɗewa, dalma ce take taruwa, leƙa ka ga a ina. Cire ta kuma ba wuya, ka warware ɗan sosan jan ƙarfe na wanke tukunya irin Chore Boy ka naɗa a tsohon burushi ka bi bututun sau kaɗan zata fito sili-sili, amma ka gwada sosan da maganaɗisu tukuna, wasu baƙin ƙarfe ne aka yi musu ruwan jan ƙarfe, in ya kama maganaɗisu kada ya shiga bututunka.